Algaitar Baba da Ciwon da Na Ƙaga Masa

Wata safiyar Asabar ce a farkon watan Yuni, shekarar da na cika goma, na fara jin kunyar mahaifina. Muna can ƙarshen filin shaƙatawa na unguwarmu Small Heath, a birnin Birmingham na Ingila, inda ciyawa ta yi tsawo kuma masu yawo da karnuka ba su cika zuwa ba, raɓa ta jiƙa mini safa, ina rungume da tsohon akwatinsa na katako. Baba ya saɓa sanduna uku a kafaɗar hagu, ya danne salkar a hammata, ya hura mata iska har jijiyoyin wuyansa suka fito, sannan ya ɗan doke ta da tafin hannu. Sai wannan gurnanin ya tashi, mai shiga ƙirji kafin ya shiga kunne, sarewar ta biyo baya da kukanta mai kaifi. Tattabaru suka watse. Shi kuwa ya lumshe ido ya fara takawa a hankali, taku goma gaba, ya juya, taku goma baya, yadda ya yi shekara da shekaru a filin fareti. A daidai lokacin ne yara uku 'yan ajinmu suka ɓullo a kan kekuna, suka ja birki, suka saki baki. Ɗaya daga cikinsu, wani mai jan gashi da ake kira Kieran, ya nuna Baba da yatsa ya ɗaga murya ya ce, "Sarah, is that your dad? He's not even Scottish!" Suka kwashe da dariya suka wuce. Ni kuwa na ajiye akwatin a kan ciyawa, na matsa gefe na kafa wa wata bishiya ido, wai ni a dole ban san mutumin ba.

Abin busan nan na mutanen Scotland ne, bagpipes suke ce masa, amma a gidanmu sunansa algaitar soja. Kakana ya shiga soja tun zamanin Turawa, wani hafsa ɗan Scotland ya ga yana da faɗin ƙirji da dogon numfashi, ya koya masa busa. A bariki aka haifi Baba, a nan ya yi rarrafe, kuma kafin ya iya karatu ya iya motsa yatsunsa a kan ramukan sarewa. In aka tambaye shi garinsu sai ya ce, "Ƙauyenmu yana kudancin Kaduna, amma garinmu bariki." Shi ma da ya girma soja ya shiga, ya karɓi algaitar ubansa, ya busa a fareti, ya busa a bikin hafsoshi, ya busa a bakin kabarin abokansa. Da Mama ta samu aikin jinya a Birmingham sai ya biyo ta da jaka ɗaya da wannan akwati. Sajan guda, wanda kurata suke rawar jiki in ya daka tsawa, ya koma tura gadajen marasa lafiya daga wannan ɗaki zuwa wancan a wani asibiti, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ya rage masa daga waccan rayuwar, shi ne busar nan.

Gidanmu irin jerin gidajen nan ne masu manne da juna, bango ɗaya ya raba mu da maƙwabta, in an yi atishawa a can sai mu ji a nan. A dama akwai wata baiwar Allah 'yar Pakistan da ke miƙo mana shinkafa ta saman katanga in sun yi Sallah, mu kuma mu miƙa mata cincin da Kirsimeti. A hagu wani tsoho ne mai ƙarancin haƙuri, shi ne ya kai ƙarar Baba har aka aiko da takarda cewa a daina busa a cikin gida, dalilin da ya sa muka koma fili ke nan duk Asabar. A ɗan tsakar gidanmu na baya, wanda bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, Mama ta kafa gonarta a cikin bokitai da tsofaffin robobi: alayyafo, yakuwa, tumatir, da wani barkono da ya ƙi yin ja shekara uku a jere saboda rashin rana. Aikina ne kowace safiya kafin makaranta in tsince dodon koɗi daga ganyen in zuba a gwangwani, ina yi ina tsaki. In na dawo kuma mu zana 'yar gala-gala da alli a bakin titi ni da ƙanwata Rifkatu da yaran layinmu, ko in koya musu carafke da tsakuwoyin da muka kwaso a gindin katanga. Dokar Baba ɗaya ce, Turanci ya tsaya a bakin ƙofa tare da takalmi. Ita ce ta sa yau nake iya rubuta wannan da Hausa, ko da yake a lokacin gani nake mugunta ce kawai.

Sunana Saratu, sunan mahaifiyarsa, don haka bai taɓa kirana da shi ba, sai dai Uwata. A makaranta ne aka gutsure shi ya koma Sarah. Tun ina shekara bakwai ya sa mini ƙaramar sarewar koyo a hannu, marar salka, mai muryar agwagwa, yana gyara mini yatsu ɗaya bayan ɗaya. "An ce kyan ɗa ya gaji ubansa," in ji shi, "to ni 'ya'ya mata Allah ya ba ni, uwata ce za ta gada." Salkar kuwa ta fatar tunkiya ce, sai ana ciyar da ita, in ba haka ba ta bushe ta riƙa yoyon iska. Bayan 'yan makonni sai ya ɗumama zuma da wani haɗi nasa a tsohuwar tukunya, ya toshe ramukan, ya ɗura, ya miƙo mini in murza ta ciki da bai har haɗin ya kai kowane lungu, Mama tana ta faɗan an ƙarar mata da zumar shayi. Ni ce kuma mai naɗa zare mai kaki a gaɓoɓin sandunan. Gaskiya ina son aikin, ina kuma son busar. A cocinmu da ke taruwa a wani zauren haya a Selly Oak, ranar da aka yi addu'ar wani dattijo da ya rasu a gida Najeriya, Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya busa waƙar sujada, matan zumunta suka ajiye tukwanen kiɗansu suna share hawaye da bakin zane. Ni ma na yi kuka ban san dalili ba, ina ji a raina babu wanda yake da uba irin nawa. Dariyar yara uku a kan keke ce ta rushe wannan duka cikin minti ɗaya.

Ranar Litinin labari ya riga ni isa makaranta. A filin wasa wani ya danne jakarsa a hammata yana kukan kyanwa, wata ta tambaye ni ko babana yana sa siket irin na mazan Scotland. Na ce wando yake sawa, abin ya ƙara ba su dariya. Ba su daɗe suna yi ba, yara ne, kwana biyu suka koma kan wani. Ni ce na riƙe abin, na yi ta juya shi a raina: baƙin mutum, ɗan Najeriya, da kayan busan Turawa a hammata, ai aro ne, ai kwaikwayo ne. Ana cikin haka malamarmu ta raba takardu cewa ƙarshen wata za a yi ranar al'adu, kowa ya kawo wani abu na gidansu, iyaye ma ana maraba da su. Da ta zo kaina ta yi murmushi da kyakkyawar niyya ta ce ko akwai mai kiɗan ganga a gidanmu, za su so su ji gangar Afirka. Na gyaɗa kai na ce babana ya iya. Ban shirya faɗar haka ba, bakina ne ya riga ni.

Na so in ɓoye takardar, Rifkatu sarkin tonon asiri ta zaro ta daga jakata ta kai masa. Ban taɓa ganin fuskar Baba ta yi haske irin na ranar ba. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya ce, "Uwata, wace rana ce? Zan nemi hutun ranar. Yau ga ranar da 'yan makarantarku za su san gidan da kika fito." Ya yi musayar aiki da wani abokinsa, ya sauko da mayafinsa mai gidan dara wanda ake saɓawa a kafaɗa, ya goge shi da kansa don bai yarda da gugar kowa ba. Takalminsa na fareti ya sha mai har kana ganin fuskarka a ciki. Ya ƙara kwanakin zuwa fili, Talata da Alhamis in ya taso aiki, yana zaɓen abin da zai busa, yana tambayata wanne yara za su fi so. Mama ta dube shi ta ce, "Sajan, sai ka ce gwamna ne zai zo duba fareti. Yara ne fa 'yan firamare." Ya ce ai 'yan makarantar uwarsa sun fi gwamna. Ni kuwa duk cokalin da na kai baki a kwanakin nan kamar ƙasa nake ci.

Saura kwana uku na yanke shawara, kuma ba ƙarya ɗaya na yi ba, biyu na yi. Na sami malamarmu na ce babana ba shi da lafiya, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ni zan kawo gangar da kaina. Da yamma na sami Baba a tsakar gidanmu na baya yana ɗaure wa tumatir sanda, na ce masa makaranta ta ce ba a yarda da abu mai ƙara sosai ba, sai ƙananan kaya, kuma yara ne kawai za su yi. Ya miƙe tsaye da igiya a hannu ya ce, "Ko a filin wasa? Ai ita dama a waje ake busa ta." Na ce sun ce ko a waje. Sai ya ce, "To, doka doka ce," ya sunkuya ya ci gaba da ɗaurinsa. Wannan ne yake ci mini rai har gobe. Na san shi soja ne, na san in aka ce masa daga sama aka hana ba zai taɓa zuwa ya tambayi dalili ba, da sanina na bi ta nan. Gangar kuwa wurin Anti Laraba, aminiyar Mama a coci, na aro. 'Yar ƙarama ce ta ado, tana rataye a bangon falonta, an yi mata zanen raƙumin dawa, kuma na tabbata tun da aka yi ta ba wanda ya taɓa kaɗa ta.

Ranar ta zo, aka ɗaura mini zane, na hau dandamali na yi ta dukan 'yar gangar nan ba kai ba gindi. Ban san kiɗan komai ba, ban taɓa ganin an kaɗa ganga a gidanmu ba, amma zaure ya ɗauki tafi, aka ce na nuna al'adar Afirka. Bayana kaɗan aka kira Kieran. Ashe kakarsa 'yar Glasgow ce, can Scotland, ya zo da faifai, malama ta saka. Gurnanin nan da na sani tun ina goye ya cika zauren, yara suka yi tsit, har masu ƙiriniya na layin baya. Abin da aka saka yana cikin waɗanda Baba ya yi ta maimaitawa a fili don ranar, na ga yatsuna suna bin sa da kansu a kan fatar gangar aro. Kieran, wanda ya yi wa ubana dariya, yana tsaye ya turo ƙirji kamar shi ya busa. Da aka gama shugabar makaranta ta share gefen idonta ta ce abin takaici ne da ba mu da mai busa na gaske a unguwar nan, da yara sun gani da idonsu. Mai busa na gaske kuwa yana gida, tafiyar minti biyar, da hutun da ya riga ya ɗauka ba halin mayarwa. Na dawo na tarar ya tsince mini dodon koɗin gobe, ya dafa mana taliya. Ya tambaye ni ko na fitar da su kunya, na miƙa masa takardar yabon da aka ba ni, ya manna ta a jikin firiji da hannunsa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mako biyu bayan haka aka kira iyaye su zo jin sakamakon yara, Mama tana aiki, Baba ya raka ni. Muna zama malamarmu ta kama hannunsa da fuskar tausayi ta ce Sarah ta gaya musu ƙirji ya kwantar da shi, sun yi baƙin cikin rashin jin gangarsa, da fatan ya samu sauƙi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya juyo ya dube ni, kallo ɗaya, ba na fushi ba, irin na mutumin da ya taka matakala ya tarar babu ita. Sannan ya dafa ƙirjinsa ya ce mata, "Thank you, madam. I am better now." Ya zauna ya saurari bayanin lissafina da rubutuna har ƙarshe, ya yi godiya. A hanya na yi ta jiran faɗa, na ma shirya kukan da zan yi. Faɗan bai zo ba. Ya riƙe hannuna muka tsallaka titi, ya tsaya ya saya mini soyayyen dankali, muka shiga gida ya cire takalminsa a bakin ƙofa kamar kullum.

Asabar ta gaba bai tashe ni ba. Na ji fitarsa shi kaɗai, na ja bargo na rufe kai. Ya yi haka sau uku ko huɗu, daga nan ya daina, akwatin ya koma saman kabad ɗin ɗakinsu, mayafin da takalmin suka bi shi. Ƙaramar sarewata ma ban san inda ta shiga ba, ban kuma tambaya ba. Da Mama ta ce lafiya ya bar busa, sai ya ce mata sanyin ƙasar nan ba ya yi wa salka daɗi. Kuma tunda na ɗauki alƙalami don faɗar gaskiya, bari in faɗe ta duka: a lokacin daɗi na ji. Na samu barcin Asabar, na huta da fargabar haɗuwa da 'yan ajinmu, na zama Sarah kamar kowa. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Sai da na bar gida na tafi jami'a a Manchester abin ya dawo ya same ni. Wata rana tsakar rana ina sauri a cikin gari, na ji gurnanin nan daga kwanar wani titi, wani dattijo ne ke busa wa masu wucewa. Na tsaya a cikin mutane da jakar littattafai ina kuka kamar an aiko mini da rasuwa, har wata mata ta tambaye ni ko ina da dangi a Scotland. Na ce a'a, na Kaduna ne, ta dube ni ba ta gane ba. A ranar na fahimci abin da yaro ba ya hangowa ko ya hau rimi. Abin da kaka ya busa, uba ya busa, aka binne mutanenmu da shi, aka yi wa Allah sujada da shi, ya wuce a kira shi aro. Gangar da na kaɗa a makaranta ita ce aron, ita ce kwaikwayon, kuma ita aka tafa wa.

Da aurena ya matso na ce a raina ga damar gyara. Na je Small Heath na same shi a falo, ya yi ritaya, ƙirjin nan da na ƙaga masa ciwo ya fara ciwon gaske, ga abin shaƙar da likita ya ba shi a gefen kujera. Na durƙusa na ce, "Baba, ina so kai za ka shigo da ni coci da algaita." Ya sa Rifkatu ta sauko da akwatin, ya harhaɗa sandunan, ya miƙe ya gyara tsayuwa irin ta da. Ya hura, ya sake hurawa, fuskarsa ta yi jawur, salkar ta ɗan kumbura ta sake lafewa. Wani ɗan nishi kawai ya fito daga sandunan, sai tari ya sarƙe shi, ya koma ya zauna yana haki. Da numfashinsa ya daidaita ya yi murmushi ya ce, "Uwata, sai dai ki ce musu ba ni da lafiya. Wannan karon ba ƙarya za ki yi ba." Mama ta leƙo daga kicin ta ce, "Wace ƙarya kuma?" Ya ce, "Tsakanina da uwata ne." A nan na san shekara goma sha takwas yana riƙe da maganar, ko matarsa bai gaya wa ba.

Yanzu ina zaune a unguwar Old Trafford ta Manchester da mijina da yara biyu. Zamani ya sauya, yaran yanzu ba su cika mamakin ganin kowa da komai ba, nawa ma da alfahari suke gaya wa abokansu kakansu soja ne mai busa, alhali ba su taɓa ji ba ko sau ɗaya. Tsohon da suka sani shi ne mai gyangyaɗi a kujera, mai ɓoye musu alewa a aljihu. A da yana da numfashi ni ba ni da hankali, yau na yi hankali numfashin ya tafi. Duk wata nakan kama hanyar Birmingham, tun daga fitowa nake jera kalmomin ban haƙuri a raina, da Hausa, yadda zai so ya ji su. In na isa sai ya tare ni da fara'a ya ce uwarsa ta zo, in gaishe shi, mu ci abinci, mu yi hirar tumatir da ciwon gwiwa, in juyo da maganata a baki. Na san ya daɗe da yafe mini, tun ranar da ya dafa ƙirji a gaban malama. Busar ce ba za ta dawo ba.